Motar Aro da Motar Ajiya: Wa Zai Biya?

A cikin rigingimun da ke raba abokan arziki a ƙasar Magariya da Dungas, in an cire rigimar gona da ta bashi, ƙalilan ne suka kai rigimar mota ɗaci. Yadda abin ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa mallakar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Mutum ya kai motarsa gyara, makaniki ya ce masa ya dawo jibi, jibi ta zama mako, mako ya zama wata. Da ƙorafi ya yi yawa, sai mai gareji, ko dillalin da ya sayar da motar, ya ce to ga wata nan, a riƙa lallaɓawa da ita kafin a gama aiki. Kwana uku da karɓa, motar aron ta tsaya a daji da inji a ƙone, ko ta faɗa rami ta karya ƙafa, ko wani ɗan kabu-kabu ya goge mata gefe a bakin kasuwa. Daga nan sai magana ta rabu biyu: mai gareji na neman a biya shi motarsa, mai mota na neman a ba shi tasa, kowa na riƙe da kayan ɗan'uwansa, kowa kuma na rantsuwa shi aka zalunta.

Ra'ayin wannan jarida a kan al'amarin shi ne, tambayar wa zai biya tana da amsa tun da daɗewa. Littattafan fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure sun amsa ta, dokar ƙasa da alƙalai ke aiki da ita ta amsa ta, kuma amsoshin biyu sun yi kusa da juna ƙwarai. Abin da muka rasa shi ne shaida a ranar da mabuɗi ya fita daga hannu ya shiga wani hannu. Bayan haka muna cewa lamuni hanya ce mai zuwa da dawowa: mai garejin da ke neman a biya shi ƙarzanen da aka yi wa motar da ya ba da aro, dole ne shi ma ya amsa tambaya a kan motar da aka bari a hannunsa.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta masu hannu da shuni. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta sami mutum sama da dubu 570 a gundumar Magariya, da sama da dubu 350 a gundumar Dungas, wadda aka ɗaga ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Wannan jama'a mai yawa tana zaune ne a bakin iyaka, rayuwarta kuma ta rataya a kan sufuri. Wake da gyaɗa da riɗi da raken fadamun Korama, da dabbobin da ake korawa ko ake lodawa zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da hajar da ke shigowa daga Kano ta hanyar Babban Mutum, duk a kan taya suke tafiya. Ɗan kasuwar da motarsa ta kwana a gareji ranar kasuwa ya yi asarar mako guda, domin kasuwa ba ta jiran kowa. Ma'aikacin lafiya da ke da rigakafi a ƙauyukan Dogo-Dogo ko Mallawa, da mai duba makarantu da ke da rangadi a Waca ko Sassumburum, idan motarsu ta tsaya, aikin hukuma ne ya tsaya, talakan da ke jiran su kuma shi ne ke biyan kuɗin jinkirin. Saboda haka idan aka miƙa wa irin waɗannan mutane motar aro, hannu biyu suke sa wa su karɓa, ba tare da sun tsaya duba ko tambaya ba. A nan ne ake shuka rigimar.

Adalci ya sa mu fara da faɗin dalilan da ke sa gyara ya yi tsawo, domin ba kowane jinkiri ne ha'inci ba. Manyan kamfanonin da ke da wakilcin sayar da sababbin motoci, masu ɗakin ajiyar kayan gyara na asali da na'urorin binciken inji, a Yamai suke zaune, wajen kilomita 900 daga Damagaram, Magariya kuma tana kusan kilomita 100 a kudu da Damagaram. Mafi yawan motocin da ke yawo a hanyoyinmu na hannu ne, waɗanda suka gama wani zamani a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa, shi ya sa har yau ake ce musu ƴan Kwatano. Manyanmu na tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 ta koma sefa 100. A dare ɗaya kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka, sabuwar mota da kayan gyaranta na asali suka fi ƙarfin ma'aikacin da ko albashinsa ba ya samu a kan lokaci a waɗancan shekaru. Tun daga nan makanikin unguwa ya zama shi ne kamfani, shi ne injiniya, shi ne kuma mai neman kaya.

Kayan kuwa daga nesa suke zuwa. Abin da babu a Damagaram sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a jira direban da zai taho da shi, a yi addu'ar kada ya zo ba daidai ba. Duk ranar da iyaka ta rufe, gareji ya shiga uku. Mun gani daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, mun sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumi ya toshe hanyar har zuwa watan Maris na 2024. Bugu da ƙari, motocin da ake ƙerawa yanzu cike suke da wayoyi da kwamfuta, ciwonsu ba ya jin kunne da guduma irin na Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Ga kuma man bakin hanya na kwalba da jarka, wanda wani lokaci yake zuwa da ruwa ko datti, ko da yake matatar SORAZ tana tace mai a cikin jiharmu tun ƙarshen 2011. Makanikin da ke aiki a cikin wannan hali, a ƙarƙashin rumfar kwano, da kayan aikin da ya gada daga maigidansa, ya cancanci a yi masa uzuri a kan abubuwa da yawa.

Amma akwai abubuwan da uzuri bai kai gare su ba, kuma masu sana'ar na kirki sun fi kowa sanin su. Rufe iyaka ba shi ke sa a ce wa mutum gobe alhali an san kayan ko aika kuɗinsu ba a yi ba. Nisan Kano ba shi ke sa a karɓi kuɗin sabon kaya a ɗaura na gwanjo ba, ko a kwance batir da lagireto daga motar wanda ya yi tafiya a gyara ta wanda ke tsaye yana faɗa. Tsadar kaya ba ta halatta wa yaran gareji su ɗauki motar mutane da dare su tafi biki da sunan gwaji ba. Haka nan babu dalilin da zai sa kuɗin da aka yi magana a kansa ranar kawo mota ya ninka ranar ɗauka, ba tare da an kira mai ita an shaida masa abin da aka tarar a cikin inji ba. Waɗanda suka daure suka kai motarsu babban kamfani a Yamai don kada garanti ya faɗi, su ma suna da nasu kukan: kuɗin mai zuwa da dawowa, kwanakin zaman jira a garin da ba nasu ba, da takardar kuɗi mai tsawo cikin Faransanci wadda ba kowa ke iya tantance abin da aka canza da abin da aka duba kawai ba.

A ƙasashen Turai bayar da motar aro ga wanda ya kawo gyara tsohuwar al'adar kamfanoni ce. Kafin a miƙa mabuɗi, ma'aikaci da mai karɓa sukan zagaya motar tare, a rubuta duk wani tabo da ke jikinta, a rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna da yawan man da ke tanki, a kuma faɗi iyakar kuɗin da mai aro zai biya daga aljihunsa idan haɗari ya faru kafin inshora ta ɗauki sauran. Duk da haka suna rigima, amma rigimarsu a kan fassarar abin da aka rubuta take. Mu a nan mun ɗauko al'adar bayar da motar, mun bar takardar a can. Idan abu ya faru sai a koma ga wa ya fi baki, wa ya fi dangi, wa ya san wani a ofishin jandarma.

To, me shari'a ta ce? Mu fara da wadda jama'armu ta fi sani. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ita ce matakin da ɗalibai ke bi a fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa, ya wuce ta kan babin aro da ajiya da lamunin masu sana'a. Malamai sun raba kayan aro gida biyu. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, wanda idan mai aro ya ce ya ɓata, sai ya biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ya halaka ba da hannunsa ba. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, wanda mai aro ba ya biyansa sai idan ya wuce iyaka ko ya yi sakaci, wato ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko ya kai ta inda ba a yi da shi zai je ba. Mota ta fi kama da doki da raƙumi fiye da zobe, hukuncin ƙarshe dai na malamai ne. Game da masu sana'a kuwa, mazhabar ta tsananta da gangan: maɗinki ko maƙeri ko marini da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, idan ya karɓi kayan mutum ya shiga da su inda mai su ba ya gani, shi ke da lamuninsu, ko da kuɗi ya yi aikin ko kyauta, sai in shaida ta tabbatar sun halaka ba da laifinsa ba. Dalilin da malamai suka bayar shi ne maslahar jama'a, tun da mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Babu wanda wannan dalili ya fi dacewa da shi a yau kamar mai gareji.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Kundin dokokin hulɗar jama'a da lauyoyi ke kira Kod Sibil, wanda aka rubuta a Faransa a 1804 kuma ƙasarmu ta ci gaba da aiki da shi bayan samun ƴancin kai a 1960, ya keɓe ayoyi daga ta 1875 zuwa ta 1891 ga aron abin amfani. Aya ta 1880 ta ɗora wa mai aro kula da abin kamar yadda magidanci nagari ke kula da kayan gidansa, ta kuma hana shi amfani da shi a kan abin da ba a yi yarjejeniya a kai ba. Aya ta 1881 ta ce idan ya yi wani aiki dabam da shi, ko ya riƙe shi fiye da lokacin da aka yanka, to duk abin da ya same shi a wuyansa yake, ko da tsautsayi ne daga sama. Aya ta 1884 kuma ta kare shi: idan abin ya lalace ne saboda amfanin da aka ba da shi dominsa, ba tare da laifin mai aro ba, ba ya biya. Sai aya ta 1891, wadda masu bayar da aro ba su cika son a karanta ba: wanda ya san abinsa na da aibin da zai iya cutar da mai amfani da shi, ya yi shiru, shi ke da alhakin cutar da ta biyo baya.

Mu sauko da waɗannan ayoyi ƙasa. A ce an ba ɗan kasuwa ƙaramar mota don ya riƙa zirga-zirga a cikin garin Magariya, shi kuwa ya loda mata buhunan wake ya nufi Maigatari ta hanyar burji a tsakiyar damina, ta karye a can. Wannan zai biya, a gaban malam da gaban alƙali, kuma bai kamata ya tsaya gardama ba. A ce kuma an ba malamin makaranta motar da mai gareji ya san tana shan baƙin mai, ko birkinta na da rauni, bai faɗa masa ba, inji ya ƙone a kan kwalta tsakanin Bande da Damagaram yana tafiya daidai wa daida. Wannan ba ya biya, kuma in ya ji rauni saboda birkin, shi ne ma ke bin mai garejin. Tayar da ta riga ta suɗe ta fashe, tsufa ne. Fitilar da aka fasa garin ja da baya ba a duba ba, sakaci ne. Man da aka sha a hanya na mai aro ne. Hukuncin a sarari yake. Wahalar ita ce, wa zai tabbatar da cewa an ce a tsaya cikin gari, ko cewa motar ta riga tana hayaƙi, idan daga mai bayarwa sai mai karɓa sai Allah?

Haka dokar ta yi magana a kan motar da aka bari a gareji. Wanda aka ba ajiya ba shi da ikon amfani da ita sai da yardar mai ita, aya ta 1930 ke nan, kuma wajibi ne ya tsare ta ya mayar da ita. Gaskiya ne doka ta ba mai gyara damar riƙe mota har a biya shi haƙƙinsa, kuma dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a 1993, sun tabbatar da wannan dama. Amma sun sa mata sharaɗi: bashin ya zama tabbatacce, sanannen adadi, wanda lokacin biyansa ya yi, kuma yana da alaƙa da abin da aka riƙe. Kuɗin gyaran da aka gama ya cika waɗannan sharuɗɗa. Diyyar motar aro da mai gareji ya yanka da bakinsa, ba wanda ya ƙiyasta, ba wanda ya amince, ba ta cika su ba. Shi ma mai aro, aya ta 1885 ta hana shi riƙe abin aro da sunan yana bin mai shi wani abu. Wato garkuwar da ɓangarorin biyu ke yi da motocin juna, kowannensu ya taka doka.

Akwai kuma ruɗanin inshora, wadda direbobinmu ke kira asuransi. Mutane da yawa na zaton wannan ƴar takarda da ake nuna wa jandarma a shingen hanya za ta gyara mota idan ta yi haɗari. Dokar inshora ta ƙasashen yankin sefa, wadda aka fi sani da CIMA, da aka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a watan Yuli na 1992 ta kuma fara aiki a 1995, ta wajabta a ayarta ta 200 inshorar ɓarnar da mota za ta yi wa wasu. Wato tana biyan wanda aka kaɗe da motar da aka buga, amma ita motar da ke ɗauke da takardar ba ta cikin lissafi, sai in mai ita ya sayi inshora mai faɗi, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma muna roƙon masu gareji su saurara da kyau. Wannan aya ta cire masu sana'ar gyara da sayarwa da binciken motoci daga cikin waɗanda inshorar mai mota ke rufewa, aya ta 201 kuma ta wajabta musu su yi tasu inshorar, wadda za ta rufe su da yaransu a kan motocin da aka damƙa musu. Ma'ana, idan yaron gareji ya fita gwaji da motar wani ya kaɗe mutum a bakin tasha, kamfanin inshorar mai motar na da hujjar doka ta ƙin biya. Muna tambayar hukumomin da abin ya shafa: gareji nawa ne a Magariya da Dungas aka taɓa zaunar da masu su aka karanta musu wannan aya da harshen da suke ji?

Ba za mu rufe ido ga ɓangaren da ya shafi hukuma ba, tun da yawancin masu karanta mu ma'aikata ne. Tun Babban Taron Ƙasa na 1991 jama'ar Nijar ke neman a bambance dukiyar gwamnati da ta mai riƙe da kujera, kuma mota na cikin wuraren da wannan bambanci ya fi saurin ɓacewa. Motar aiki da aka ba ƙanen maigida ya kai amarya, idan ta dawo a lotse, baitulmali ke gyarawa. Motar aiki da aka kai gareji aka kasa biyan kuɗin gyaranta, takan zauna a rana har tayoyinta su nutse cikin rairayi, ana zare mata kaya ɗaya bayan ɗaya, makaniki ya yi asarar guminsa, jama'a su yi asarar motarsu. Mafi haɗari kuma ita ce motar aron da ɗan kwangila ko babban ɗan kasuwa ke aika wa jami'in da takardunsa ke kan teburinsa. Irin wannan aro ba a taɓa jin an yi rigimar diyya a kansa ba, domin an san inda za a fanshe. Ma'aikacin da ke son mutuncinsa ya tambayi kansa, da ba ya kan wannan kujera, da za a kawo masa mabuɗin har gida? Shi kuma babban da ya lalata motar ƙaramin makaniki ya ƙi biya don ya san ba mai iya kai shi ƙara, ya sani cewa ya koya wa dukan gari cewa doka ta marasa galihu ce.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce rubutu tsakanin mutanen da suka san juna rashin yarda ne, wanda ya taimake ka da motarsa kuma ka ce ya sa hannu a takarda, ka ci fuskarsa. Amsarmu ita ce, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu gaskiya da riƙon amana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zumuncin da takarda guda za ta ɓata, da ma can bai kai ya jure ƙonewar inji ba. Za a kuma ce da yawa daga cikin makanikai da ƴan kasuwa ba su yi lakwal ba. To ai sun yi allo, kuma ajami rubutu ne. Wanda bai iya ko ɗaya ba, yana da wayar da ke ɗaukar hoto da murya, ko maƙwabcinsa na da ita. Tun ran gini ran zane.

Don haka ga abin da muke kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar sabuwar doka ko taimakon ƙasashen waje.

Na farko, ƙungiyoyin makanikai da na masu sufuri na Magariya da Dungas su zauna su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, boko da ajami, wadda za a cike kofi biyu duk ranar da mota ta shiga gareji. A rubuta lambar mota, abin da agogon kilomita ya nuna, man da ke ciki, kayan da aka bari kamar jak da safaya, ciwon da aka kawo ta dominsa, kuɗin da aka ƙiyasta, da ranar da aka yi alkawari. A rubuta cewa ba za a ƙara aikin da ba a ambata ba sai an kira mai mota, kuma duk kayan da aka cire za a mayar masa da tsohon a hannunsa, a faɗa masa ko sabo aka ɗaura ko na hannu.

Na biyu, bayan wannan takarda ya zama na motar aro. A zagaya ta tare a gaban shaida guda, a ɗauki hoton ɓangarorinta huɗu, mai ita ya faɗi aibin da ya sani, a rubuta inda aka yarda ta je da inda ba a yarda ba, musamman ƙetare iyaka, da irin kayan da za ta ɗauka, da wanda zai tuƙa, da ranar mayarwa. A duba ko inshorarta na da rai. A kuma faɗa a sarari ko kyauta ce ko haya, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba daidai ba ne abin da aka miƙa da sunan alheri ya fito a cikin lissafi ranar biya.

Na uku, sarakunanmu, waɗanda doka ta ba ikon sasanta jama'a tun dokar sarauta ta 1993 da wadda ta gaje ta a 2015, su riƙa kiran tsofaffin makanikai biyu da ba su da hannu a rigima su duba motar kafin a yanke magana. Inji ba ya ƙarya ga wanda ya san shi: gwani na iya bambance wanda ya ƙone don an tuƙa shi ba ruwa da wanda ya mutu don tsufa. A rubuta sulhun da aka yi, domin in ya ƙi, alƙalin Magariya ya sami abin da zai fara da shi.

Na huɗu, kantomomi da shugabannin ƙananan hukumomi su gayyaci wakilan kamfanonin inshora da ke Damagaram su zo su yi wa masu gareji bayani, su kuma kawo farashin da ƙaramin gareji zai iya ɗauka, ko da ta hanyar haɗa kai ne a ƙungiyance. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka kafa a 2015 ta shafi mutumin Guci kamar yadda ta shafi na Yamai. Ofisoshin gwamnati kuma su fara da kansu: su biya bashin garejin da ke kansu, su ƙirga motocinsu da ke kwance a hannun makanikai, su kuma hana jami'ansu karɓar aron mota daga duk wanda ke da wata bukata a ofis.

Na ƙarshe, ga ƴan kasuwa da ma'aikata masu mota. Wanda ke son a cika masa alkawari ya cika nasa. Makanikin da aka bari da mota wata uku ba a kawo kuɗin kaya ba, ko aka ɗauke mota da alkawarin ƙarshen wata aka ɓace, shi ma an zalunce shi, kuma sau da yawa daga nan yake koyon kwance kayan wani don ya rufe ramin wani. Araha ba ta ado: wanda ya matsa sai an ɗaura masa mafi arha, kada ya dawo yana zagi bayan mako biyu. Wanda kuma aka ba aro ya tuna zanen aro ba ya rufe katara, ya tuƙa ta da tsoron Allah, ya mayar da ita ranar da ya ce, in ya ɓata wani abu ya faɗa da bakinsa kafin a gani.

Muna sa ran jin amsar ƙungiyoyin makanikai da ta masu sufuri, kuma shafukan wannan jarida a buɗe suke gare su, kamar yadda suke a buɗe ga duk wanda ke ganin mun yi musu rashin adalci. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu ikon riƙe amanar juna. Amin.